Sunan da Muka Goge

Laraba, da hantsi

Kai mai leƙen littafin mutane, tunda ka buɗe sai ka zauna ka amsa min wannan. Wani ɗaki na sani, bai kai tafin hannu ba. Mutum ɗaya ne yake mutuwa a cikinsa, da safe da rana da yamma, 'yan kallo sun fi na kasuwa yawa, kuma har yau ba a fito da gawa ba. Wane ɗaki ne? In ka kasa kada ka ba ni gari, gwiwoyina ba za su kai ni ba. Ka dai jira ranar da hannuna zai yarda ya rubuta amsar.

Littafin na jikata ne, wadda nake kira Lauya saboda tun tana rarrafe ba a kayar da ita a gardama. Ta ce in riƙa rubutu maimakon in riƙa yi wa tukunya magana. Karatuna a firamare ya tsaya, in ka ga harafi ya karkace ka gyara a zuciyarka ka yi shiru.

Mu uku ne a gidan. Ni, da Lauya, da wanta, Maigidana. Kada ka ɗauka sabon aure na yi, jikana ne. Tun yana cikin tsumma nake ce masa Maigida, shi kuma da ya yi baki ya raɗa min Amarya mai haƙori uku. Mai zane ne. Yana zana fuskokin mutane a kan allo, yana zana bangon makarantu da shaguna. Shi da abokinsa Bahago suke aikin, a ɗakin gaba da muka bar musu.

Suke aikin, na ce. Hannuna bai saba ba tukuna. Tun ranar da aka dawo daga binne Bahago, Maigida ya shiga ɗakinsa da kafaɗa a ɗaure ya rufe ƙofa. Ina ajiye tire, ina ɗauke tire. Ɗazu na ƙwanƙwasa na ce in bai fito ba zan kai ƙara, miji ya ƙaurace wa amarya. Ko tari bai yi ba.

Alhamis, da yamma

Lauya ta same ni ina tsince shinkafa, ta zauna da waya a hannu.

Ta ce, "Kaka, kin san yadda mutane ke samun Yaya in suna son zane?"

Na ce, "Ta ƙofa mana. Ko ta taga kika taɓa ganin sun shigo?"

Ta ce ba mai zuwa ta ƙofa yanzu. Sunansa suke bugawa a injin bincike na intanet, abin da ya fito a layin farko shi ne mutum a wurinsu. Da, in an buga sunansa, shafin zanensa ne ke fitowa, da zanen tsohon mai keke, da na yaran nan masu balan-balan. Yanzu abin nan da wani ya ɗauka a waya ranar, a wurin ginin, shi ne a sama. A ƙarƙashinsa kuma maganganun mutane. Ta miƙo min wayar. Na kawar da kai, na ce idona na tsakuwar shinkafa ne.

Ga abin da ya kawo ta. Wata mata mai ɗakin baje kolin zane ce ta kira. Tun kafin abin ya faru ta sa sunan Maigida cikin waɗanda za a rataya aikinsu, abin da yake mafarki tun yana ɓata min bango da gawayi. Ta ce ita ba ta canza ba, amma kwamitinsu zai zauna ƙarshen wata, kuma kowa a cikinsu zai buga sunan ya gani.

Lauya ta ce, "In aka zaɓe shi zai fito, Kaka. Dole ya fito ya gama zanen. In aka cire shi kuwa, ban san me zai buɗe ƙofar nan ba."

Ni ma ban sani ba.

Juma'a, da safe

Ya sha shayin. Burodin ya dawo yadda ya tafi.

Asabar, da rana

Lauya ta kawo wani mutum. Siriri, da tabarau, da kwamfuta a jaka kamar ɗan goyo. Wai aikinsa ke nan, ya sa sunan mutum ya hau sama a injin bincike. Na ce ashe boka ne, ka ba aljani abin da yake so ya ɗaga mutum. Ya yi dariya ya ce kusan haka ne, Kaka. Daga yau sunansa Boka.

Na fara da abin da ke raina. Na ce a goge abin nan kawai a huta.

Ya ce sun riga sun kai ƙara, an sauke guda, wasu sun ɓullo a wurare daban. Ba ya goguwa. Sai dai a danne shi, a tara abubuwa masu kyau a kansa har ya gangara shafi na biyu, inda ba kowa ke wahalar zuwa ba.

Sai ya faɗi abin da ya ba ni mamaki. Wai injin ɗin kusan makaho ne. Ka sa masa zane mafi kyau a duniya, shi rubutun da ke ƙarƙashin zanen ya fi yarda da shi. Shafin Maigida kuwa hotuna ne zalla, da sunayensu su biyu a ƙasa, babu wani bayani. Dole kowane zane a ba shi suna, a faɗi me ke cikinsa, da kalmomin da mutane ke bugawa in suna nema. Zanen fuska. Zanen bango. Mai zanen makaranta. A maimaita sunan Maigida a wuraren da suka dace.

Na ce, "Wato kiran kaji. Ka yi ta kur-kur-kur har su taru."

Ya ce in an cika maimaitawa ma injin ya gane wayo ake masa, ya yi fushi.

Na ce, "To makaho ne, ga fushi, ga son a yi ta kiran suna. Na taɓa auren irinsa."

Lauya ta harare ni. Amma da aka zo wa zai faɗi labarin zanukan, sai aka rasa mutum. Mai su ba ya magana. Ɗayan mai su kuma. To. Saura ni, da na shekara da shekaru ina zaune a kujerar bakin ƙofarsu ina kushe musu aiki.

Lahadi, da hantsi

Mun buɗe ɗakin gaba. Warin fenti da kananzir ya tare mu kamar ba abin da ya faru. Burusai sun bushe a cikin gwangwani, sun zama tsinke. Kujeru biyu. Rigar aikin Bahago tana rataye a ƙusa, hannun hagunta ya yi tauri da fenti, na daman kuwa fes. Na juya mata baya na zauna.

Lauya tana ɗaga zane, ina faɗa, tana bugawa.

Na ce, "Rubuta, mace mai kumatu kamar ta ɓoye ƙwai a baki."

"Kaka, matar shugaban makaranta ce."

"To rubuta, matar shugaban makaranta ta ɓoye ƙwai."

Ta rubuta zanen fuskar mace da fentin mai. Duk abin da na faɗa sai ta wanke shi har gishirin ya fita. Amma na tsohon mai keke ta bar min. Na ba ta labarin yadda ya zo a zana shi, ya ƙi sauka daga keken, sai da Bahago ya riƙe masa sirdi da hannu ɗaya yana zana taya da ɗayan. Ta rubuta duka. Ta yi dariya, dariyar ta juye, ta fita tsakar gida ta daɗe tana wanke fuska.

Ni ina gane aikin kowa ko da ido ɗaya. Maigida fuska yake yi. Bahago ke yin sama, da ganye, da inuwa, kuma duk jan burushinsa ya karkata ta ɗaya gefen, kamar ruwan sama da iska ta kaɗa. A kusurwar ƙasa su sa hannu tare, na Maigida a dama, nasa a hagu.

Talata, da yamma

Boka ya ce bayani kaɗai ba ya isa. Injin yana son shaidu. Sai wasu shafuka sun nuna namu sun ce ku je can, mai zane ne na gaske. Lauya ta jera wuraren da suka taɓa yi wa aiki, na yafa gyale na bi ta.

Ban taɓa sanin layinmu yana da idanu haka ba. Mai walda ya kashe wutarsa don ya kalle mu da kyau. A shagon aski hira ta tsaya cak, wani ya juya wayarsa ta kalli cinyarsa. Na ce, "Sannunku da aiki, ku ci gaba, kunnena ya mutu tun bara." Ba wanda ya yi dariya.

Tela ya yarda nan take, 'yarsa ta sa hoton allon shagonsu da sunan Maigida. Mai gidan burodi ma haka. Shugaban makaranta ya bar mu a tsaye a baranda, ya ce zai yi shawara, iyayen yara suna da saurin tsorata. A bayansa bangon nan ne na yara masu balan-balan. Na so in ba shi labarin ƙwan matarsa, Lauya ta murɗe min hannu.

A hanyar dawowa wata mata da ban sani ba ta tare ni. Ta ce, "Baba, da gaske shi ya ɗaura igiyar?"

Na ce mata zanenta ya kwance ta baya. Bai kwance ba. Na bar ta tana juyi a titi.

Laraba, da safe

Tire ya tafi, tire ya dawo. Na ji yana tafiya a ɗaki, daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga.

Juma'a, bayan magariba

Mun koma kamar masu jinya. Da safe Lauya ta buga sunan, da rana ta buga, da yamma ta buga, kamar mai taɓa goshin yaro. Shafinmu ya taso daga can ƙasa, ya zo tsakiya, ya tsaya. Abin nan yana nan a sama bai motsa ba.

Uwarsu ta kira daga garin da take aiki. Ta ce a ba shi waya. Na tura wayar ta ƙarƙashin ƙofa, na ji muryarta tana ta kiran sunansa a ƙasan tabarma har ta gaji.

Litinin, da rana

Boka ya dawo. Ya daɗe yana kallon kwamfuta yana taɓa tabarau. Na ce in aljanin jini yake so ya faɗa, akwai zakaran maƙwabta da ya dame ni.

Bai yi dariya ba. Ya ce matsalar sunaye biyun ne. A abin nan, sunan Maigida da na marigayin a jere suke. A shafinmu ma a jere suke, a ƙarƙashin kowane zane. Don haka injin ya ɗaure su wuri guda, duk wanda ya nemi ɗaya sai ya kawo masa labarin da ya haɗa su. In ana so Maigida ya tsaya shi kaɗai a matsayin mai zane, sai an raba.

Lauya ta ce, "A raba yaya?"

Ya ce a cire sunan marigayin daga kan shafi, daga bayanai, daga sunayen hotuna. Sa hannun da ke kusurwa ma gara a yanke shi, don kada mai kallo ya gani ya koma nema. Na ɗan lokaci ne, in ji shi. In kwamiti ya gama zama sai a mayar.

Na kalli rigar da ke ƙusa. Lauya ta kalle ni. Yarinyar nan da ba ta taɓa neman izinina a kan komai ba, yau ni take jira.

Na ce, "Wanda ya tafi ba ya cin abinci. Wannan na ciki ne nake so ya ci."

Muka zauna. Inda sa hannun ya ɓuya cikin ganye, ni na nuna mata da yatsa. Labarin mai keke ya koma wani ya riƙe masa sirdi. Wani. Yaron da ke cinye min ƙanzo yana cewa ya fi naman gidansu.

Talata, da safe

Na ninke rigar na sa a ƙasan akwatina. Ƙura ce ta dame ta.

Asabar, da hantsi

Ya hau! Lauya ta shigo kicin da gudu har ta kifar da kofi. Layin farko shafin Maigida, da tsohon mai keke yana washe baki. Na biyu na tela, na uku na gidan burodi. Abin nan ya sulale can ƙasa, sai ka ja allo kafin ka same shi. Boka ya ce in an ci gaba da sa sabon zane da bayani, zai faɗa shafi na biyu kafin kwamiti ya zauna.

Lauya ta ɗauki hoton allon ta tura wayar ta ƙarƙashin ƙofarsa. Muka tsaya kamar ɓarayi muna saurare. Can sai sakata ta yi ƙara.

Ya rame, gemu ya cinye masa fuska, kafaɗar tana nan a ɗaure. Na ce, "Wannan wane tsoho ne a ɗakin mijina?"

Ya ce, "Amarya, akwai sauran shinkafa?"

Na zuba masa har ta zubo. Ya ci rabi. Bai tambayi yadda aka yi ba, mu ma ba mu faɗa masa ba. Lauya ta gaya masa maganar kwamiti, ya gyaɗa kai, ya kalli ƙofar ɗakin gaba ya daɗe. Bai shiga ba, amma ya kalla.

Lahadi, da yamma

Ya zauna a tsakar gida. Ya jiƙa burusai biyu a kananzir. Na yi kamar ban gani ba.

Talata, bayan la'asar

Matar Bahago ta zo, da 'yarta a hannu. Yarinyar ba ta daɗe da fara tafiya ba, kuma da hagu ta karɓi biskit. Na ga haka na tashi neman abin da ban ajiye ba.

Maigida yana ɗaki, ƙofarsa a buɗe. Ta gaishe ni, ta gaida Lauya, ta ƙi shan ruwa. Sai ta fito da waya.

Ta ce, "Kaka, ni ban iya abubuwan nan sosai ba. Amma tun da aka yi rasuwar, in na rasa abin yi sai in buga sunansa. Zanukansu ne ke fara fitowa. In nuna wa wannan in ce ga saman da Babanki ya yi, ga bishiyarsa. Wancan abin yana ƙasa, na san inda yake, ba na kai yatsana wurin."

Ta juyo da wayar.

"Tun makon jiya babu zane ko ɗaya. Daga sama har ƙasa shi ne. Na shiga shafinku na duba, na ga kamar mijina bai taɓa riƙe burushi ba. Na ce ko wayata ce ta lalace."

Lauya ta fara bayani, na ɗan lokaci ne, kwamiti ne, injin ne. Karo na farko a rayuwarta maganar ta ƙare mata a tsakiya.

Matar ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da na ji sauƙi. Ta ce, "Ni ban taɓa tambayar wa ya ɗaura me ba, kuma ba zan tambaya ba. Amma yarinyar nan za ta iya karatu wata rana. Sunan ubanta ne farkon abin da za ta buga."

Ta saɓa 'yarta ta tafi. Ni da nake da amsar kowa a layin nan, ko a gaida gida ban iya ce mata ba.

Da na juya, Maigida yana tsaye a bakin ƙofarsa.

Laraba, da safe

Tire ya dawo. Ko shayin.

Laraba, da yamma

Ya fito da kansa, ya ce Lauya ta kawo kwamfuta ɗakin gaba. Ya bi zanukan ɗaya bayan ɗaya, yana duba kusurwar hagu. Ya karanta labarin mai keke. Ya ce, "Wa ya nuna miki na cikin ganyen? Ke ba ki san yana nan ba."

Ya kalle ni. Bai ce Amarya ba.

Ya ce a mayar. Kuma ba mayarwa kaɗai ba. Sunan Bahago ne zai hau kan shafin, shi ne a farkon kowane bayani, a kan kowane hoto. Duk dabarar da aka yi masa a yi wa Bahago, har abin nan ya bar saman sunansa.

Lauya ta miƙe tsaye. "Yaya, saura kwana kaɗan su zauna! Ka bari su gama mana, sai a mayar. Me zai ragu?"

Ya ce, "Yau da daddare za ta buga sunan. Gobe ma za ta buga."

"To kai fa? Ka san me suke rubutawa a kanka? Ka san ƙofofin da muka bi ni da tsohuwar nan?"

"Na sani."

"Ba ka sani ba, kana kwance!"

Ya ce, "Sau ɗaya ya kuɓuce min. Ba zan sake shi da gangan ba."

Lauya ta kira Boka a waya ta sa a bayyane don ya goya mata baya. Mutumin kirki ne, ya faɗi gaskiya. Ya ce za a iya ɗaga sunan marigayin, shafin yana da ƙarfi yanzu. Amma da zarar sunayen sun sake haɗuwa, kuma kan shafin ya koma na wani, abin nan zai dawo saman sunan Maigida. Ƙarfin ba zai ɗauki mutum biyu ba, ba cikin 'yan kwanakin nan ba.

Maigida ya ce to a fara.

Alhamis, da hantsi

Yau shi ke faɗa, Lauya na bugawa da ido a kumbure. Ba a nemi bakina ba. Na zauna a kujerata ta bakin ƙofa.

Ashe akwai abin da ban sani ba. Wai saman da ke bayan yaran balan-balan sau uku Bahago yana goge shi, don ya ce shuɗin ya yi kama da na bokitin wanka. Wai shi ya koya wa Maigida haɗa kalar fatar tsofaffi, da ɗigon kore a ciki. Ya faɗi wannan duka a hankali, yana sa sunan a farkon kowace jimla. Na ce a raina, kiran kaji ya dawo, amma wannan karon ba abin dariya.

Ya tambayi ina rigar. Na je na ɗauko. Ya mayar da ita ƙusarta da hannun da ke aiki.

Da yamma shi da kansa ya fita, ya je wurin tela da mai burodi ya ce su canza sunan da suka sa. Na leƙa ta taga. Mai walda ya kashe wutarsa. Maigida ya bi ta gabansa bai sunkuyar da kai ba, bai kuma ɗaga ba.

Asabar, da safe

Lauya ta buga sunan wanta. Abin nan ya dawo sama. Ta kifa wayar a tebur ta tafi wanki.

Talata, da rana

Mai ɗakin baje kolin ta kira. Lauya ta ɗauka, ta yi ta cewa to, to, ba komai, mun gode. Wai ba a wannan karon ba. Wai kwamitin yana ganin a bari ƙura ta lafa, mutane za su zo kallon mutum su bar zane. Wai ita ta yi iya ƙoƙarinta.

Na jira sakata ta yi ƙara. Ba ta yi ba. Yana tsakar gida yana kankare busasshen fenti daga bokiti, bai ɗago ba.

Lauya ba ta yi masa magana tun ranar Laraba. Ni yana gaishe ni da Kaka, kamar kowa.

Alhamis, da yamma

Ya samu aiki. Ƙofar shagon tela, da tagogi, kore zalla. Babu fuska, babu suna a kusurwa. Tela ya kawo masa tsani don saman ƙofar, ya ce a'a, ya ɗaure burushi a sanda ya yi daga ƙasa. Ya dawo da fenti a gemu ya cinye abincinsa tas. Allon da ya fara don baje kolin yana nan ya juya fuskarsa bango. Na tambayi yaushe zai gama shi. Ya ce saman ne ya rage, kuma shi bai iya sama ba.

Matar Bahago ta aiko da saƙo ta wayar Lauya. Hoton allo ne kawai, ba rubutu. Sunan mijinta, a layin farko yara masu balan-balan.

Juma'a, da hantsi

Lauya ta tafi kasuwa ta manta wayarta a kan tebur. Na iya rubuta sunan jikana, ni na fara koya masa shi. Na buga da yatsa ɗaya. Ban sha wahalar nema ba, yana layin farko.

Ga amsarka, mai leƙe. Bidiyo ne. Wani ya ɗauka daga tagar benen da ke kallon ginin. Su biyu suna kan katako a hawa na huɗu suna zanen bango. Igiyar gefe ɗaya ta kwance, katakon ya karkata. Jikana ya maƙale ƙarfen taga da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya cafke Bahago a wuyan hannunsa na hagu, wanda ke jiƙe da fenti. Ya riƙe shi har kafaɗarsa ta goce. Sannan hannun ya zame. In bidiyon ya ƙare, da kansa yake komawa farko.